Tukunya Tsakanin Shinge Biyu

Giwa sunan tukunya ne. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai kauri, mai kunne biyu, wadda sai maza sun taru suke iya sauke ta daga murhu. Marigayi Mati, mijin Barakatu, shi ya zo da ita Kongolam lokacin da ya bar aiki a garin ma'adinai, can arewa cikin hamadar Nijar. Ya ce gindin wani tanki ne da aka yar a bayan ma'aikata, masu walda na kasuwa suka yanke shi suka yi masa kunnuwa. Sauran masu dawowa daga can rediyo suke kawowa, ko darduma. Shi tukunya ya ɗauro a bayan mota, aka daɗe ana yi masa dariya.

Dariyar ba ta hana kowa aro ba. Babu gidan da Giwa ba ta kwana ba a unguwar. In suna ne ita, in biki ne ita, in sadakar mamaci ce ita. Amma babban aikinta jego ne. Ƙarfenta yana riƙe zafi, ruwan da aka tafasa da asuba sai ya kai hantsi yana tururi, don haka duk matar da ta haihu, kafin a gama gyara ta an aika gidan Barakatu. Ba a biyan komai. Sai dai ba a mayar da ita wayam, a kan jefa sabulu a ciki, ko ƙullin kanwa, ko 'yar kuka.

A wannan karon jegon na cikin gida ne. Siddiƙa, autar Barakatu, ta zo haihuwar fari gaban uwarta, ta sauka lafiya, namiji, ana ta wanka safe da yamma. Shi ya sa da Zailani ya yi sallama da maganar a je da Giwa a yi wa baƙi girki, Barakatu ta so ta ƙi.

Zailani ɗan unguwar ne, yana aiki a ofishin da ke karɓar baƙin gwamnati. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ya gaishe ta, ya yi barka, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi.

"Gwaggo, yini ɗaya ne kawai. Manyan baƙi ne, sun kwana biyu suna taro a Daura, gobe za su zo boda su rufe. Namu na Abuja, da na Yamai, da Turawan da ke taimaka musu."

"Taron me?"

"Tsaro. Da kuma maganar nukiliya."

Adama, ƙanwar Mati, tana gefe tana tankaɗe. Ta ɗago kai.

"Nukiliya a Kongolam? Mu da wutar lantarki ma sai ta ga dama take leƙo mu?"

"Ba kawo ta za a yi ba, Gwaggo Adama, hana ta yawo za a yi. Dutsen da ake haƙowa can arewa, da irinsa ake yin makamin ƙare-dangi. Shi ne ƙasashen suke son su haɗa kai, kada wani ya ɗauko a ɓoye ya bi da shi ta nan. Turawan sun kawo na'urori. Za a gwada a gaban kowa, a ci abinci, a sa hannu, a watse."

"To ka ce cin abinci za a yi," in ji Adama. "Sauran duk rakiya ne."

Barakatu ta ce, "Mai jego fa?"

"A yi mata wankan safe, in turo mota. Kafin la'asar Giwa tana gida, in Allah ya so."

Washegari aka kafa rumfuna a gefen hanya, daf da shingen Nijeriya. Daga nan ana hango shingen Nijar. Tsakaninsu wani fili ne da hanya ta ratsa, babu gida babu rumfa, sai ciyawa da sawun babura. Barakatu da Adama da matan da suka ɗauka suka haɗa murhu a bayan rumfunan, ƙarƙashin wata darbejiya, suka ɗora dafa-duka da naman rago.

Daga inda suke ana jin lasifika. Kowane mai jawabi sai ya faɗi tasa, tafinta ya juya ta, wani ya sake juyawa, har ta iso Hausa ta gaji. Barakatu tana juya shinkafa tana saurare. Ta ji an ce ƙasashen 'yan'uwa ne. Ta ji an ce babu abin da zai sake ƙetare wannan iyaka ba da sanin hukuma ba. Sai wata Baturiya doguwa ta buɗe akwati ta fito da na'ura kamar dutsen guga, ta kai ta kusa da wani ɗan abu da bai fi maɓallin riga ba, na'urar ta kama kuka, ƙir-ƙir-ƙir. Ta janye, ta yi shiru. Aka yi tafi.

"Gyare suka kawo mana daga Turai," in ji Adama. "Da sun tambaya, da na kama musu a bayan randa."

Aka ci abinci. Aka yaba. Wani babba daga cikin na Abuja har ya aiko a ƙara masa ƙanzo. Matan suka kwashe abin da ya rage, suka zuba ruwa a cikin Giwa don ta jiƙa.

Ana kiran azahar wani mutum ya zagayo bayan rumfa da buta a hannu. Siriri ne, mai gilashi, ɗaya daga cikin na'urorin tana rataye a wuyansa. Daga Hausarsa aka gane mutumin Damagaram ne, cikin tawagar Nijar. Daga baya suka ji sunansa, Injiniya Sama'ila.

"Sannunku da aiki, iyayenmu. A taimaka mini da ruwan alwala."

Adama ta nuna masa jarka. Jarkar tana jingine da murhu. Ya sunkuya zai ɗauka, na'urar ta fara kuka.

Matan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ɗan bubbuga ta da yatsa, ya koma baya, ta yi shiru. Ya dawo, ta sake. Ya ajiye butar. Ya kai ta kan itace, shiru. Ya kai ta kan jarka, kaɗan-kaɗan. Da ya kai ta jikin Giwa, wajen gindi inda walda ta haɗu, sai kukan ya haɗe ya zama guda, babu tsayawa.

Dariyar ta ƙare. Ya miƙe a hankali.

"Wa ke da wannan tukunya?"

"Ni ce," in ji Barakatu.

"Inna, ina kika samo ta?"

Ta faɗa masa sunan garin. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ce kowa ya ja baya, ya tafi da sauri, butarsa tana nan inda ya bar ta.

Kafin ka ce me wurin ya cika. Masu tsaron baƙi suka kore matan zuwa wani benci nesa da murhu. Aka karɓe muciyar da ke hannun Adama. Baturiyar ta zo da tata na'urar, ita ma ta yi kuka. Shugabannin tawaga suka tsaya daga nesa suna kallo, wanda ya nemi ƙarin ƙanzo yana ta shafa ciki. Aka kira Barakatu, Zailani yana tafinta. Tun yaushe take da ita. Wa ya kawo. Ta wace hanya. Yana ina yanzu. Ta amsa duka. Da ta sake faɗin sunan garin, shugaban tawagar Nijar ya yi wata magana da Faransanci a taƙaice, Sama'ila ya sunkuyar da kai.

"Zailani," in ji Barakatu, "tambayar mini su. Ruwan da aka dafa a cikinta yana cutarwa?"

Zailani ya buɗe baki, amma manyan sun riga sun juya. Suka shige wata rumfa mai labule, aka sake labulen.

Ta koma benci ta zauna. Da safen nan ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan Giwa ta fyaɗa wa Siddiƙa a baya da ciki. Da hannunta ta ɗebi ruwan ta sirka, ta wanke jaririn, har ta ɗiga masa a baki kamar yadda aka saba. Kunun kanwar da mai jego ke sha ma da ruwan ake damawa. Ta kalli tafin hannunta. Yadda ta san shi haka yake.

"Matar Yaya," in ji Adama da ƙaramar murya, "tarin nan na Yaya fa?"

"Yi shiru."

"Shekara nawa yana yi, likita ya ce ba tarin tibi ba ne. Ya rame har..."

"Na ce ki yi shiru, Adama. Shi a cikin ramin ma'adinan ya yi aiki. Ba tukunya ya ci ba."

"To ɗan maƙwabciyarmu Rauda da aka haifa bai kai suna ba?"

"Wace unguwa ce ba a mutuwa?"

Adama ta kawar da kai. Amma Barakatu ta ga leɓenta yana motsi, ta san gidaje take bi ɗaya bayan ɗaya, don ita ma abin da take yi ke nan.

Can Zailani ya fito, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya tsuguna a gabansu.

"Me suka ce?"

"Ba su zo nan ba tukuna, Gwaggo."

"Ina suke?"

"Suna kan ta wace ƙasa ce."

"Tawa ce."

"Na sani. Amma na Yamai sun ce a ƙasar Nijeriya aka same ta, ta yi shekara kusan talatin a nan, ba ruwansu. Namu sun ce ƙarfen daga ma'adinanku ya fito, ku ɗauki kayanku. In na Yamai suka karɓa, sun yarda abu yana fita daga wurinsu ba su sani ba. In namu suka karɓa, sun yarda abu yana shigowa ba mu sani ba. Kuma takardar da za su sa wa hannu yau cewa ta yi ba a taɓa samun haka a wannan hanya ba."

"Turawan fa?" in ji Adama. "Ba su suka kawo gyaren ba?"

"Su suna so su tafi da ita ƙasarsu su gwada. A nan ne kawai namu da na Yamai bakinsu ya zo ɗaya. Duk sun ce a'a."

"To a ba mu abarmu mu tafi," in ji Adama, "in kowa ya ƙi ta."

"Wannan ma bakinsu ya zo ɗaya."

Barakatu ba ta yi dariya ba. "Ka koma ka ce musu akwai mai jego a gida. Ka ce akwai jariri. Ba tukunyar nake nema ba, su riƙe. Magana ɗaya nake so."

"Gwaggo, ni a bakin labule nake tsayawa. Ruwa nake miƙawa." Ya goge fuska da hannun riga. "Ni ma da ruwanta aka wanke ni, kin manta? Innata har yanzu tana ba da labari."

Ya koma.

Rana ta karkata. Babura suna ta wucewa ta shingen, kowane ɗan kabu-kabu sai ya rage gudu ya kalli tukunyar da aka zagaye da igiya, ya kalli matan. Ɗaya daga cikin masu taya girki ta ce za ta je ta dawo, ba ta dawo ba. Aka kira la'asar. Lokacin wankan yamma ya yi, ko wuta ba a hura ba a gida.

Da aka idar da salla Barakatu ta hango Sama'ila yana sa takalmi a gefen tabarma, shi kaɗai. Ba ta taɓa tare namijin da ba ta sani ba a hanya. Ta gyara mayafi ta je ta tsaya a gabansa.

"Ɗana."

Ya waiwaya wajen rumfa mai labule. "Inna, an hana ni magana."

"Ba maganar ƙasa nake tambaya ba. Kana da uwa?"

"Tana Zinder."

"Da ita ce ta wanke jikanta da ruwan tukunyar nan yau da safe, me za ka ce mata?"

Ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa.

"Zan ce mata ta daina amfani da ita."

"An riga an raba ni da ita. Na baya nake tambaya."

"Wallahi Inna ban sani ba."

"Kai ka riƙe na'urar."

"Na'urar cewa take yi akwai abu. Ba ta cewa me ya yi wa mutum. Yana yiwuwa ɗan saura ne da ya manne a ƙarfen daga waje, bai taɓa shiga ruwa ba. In haka ne, ba komai, ko kusan ba komai. Yana yiwuwa kuma yana cikin tsatsar da ke ciki, duk tafasa yana ɗan saki. In haka ne..." Ya tsaya. "Ko da haka ne ma, wani ya sha shekaru bai ji komai ba. Wani kuma ya ji. Ba a ganewa da ido."

"Da me ake ganewa?"

"Sai an kankari cikinta an kai ɗakin gwaji. In aka san me ke ciki, sannan a san me za a nema a jikin mutane. Ba aiki mai tsawo ba ne."

"To a kankara mana. Ga ta can."

"Sai an san wa zai kankara. Wanda ya kankara shi ya karɓa."

Barakatu ta dube shi. Ba wulaƙanci a fuskarsa, ba ƙarya. Ta so a ce akwai, da ta san inda za ta kai fushinta.

"In kai mai jegon asibiti?"

"Ki kai ta, babu laifi. Amma me za ki ce su duba? Za su auna ta su ce lafiyarta lau, kuma gaskiya suka faɗa, iyakar abin da suke iya gani ke nan." Ya mayar da gilashin. "A garinmu na san gidajen da ƙofarsu irin wannan ƙarfen ce. Ban taɓa kai na'ura gidan kowa ba. Ki yafe ni, Inna."

Wani ya kira sunansa daga bakin labule. Ya tafi.

Daf da faɗuwar rana aka ɗage labulen. Manyan suka fito suna murmushi, aka jera tebur da tutoci. Tafinta ya ce an tattauna cikin 'yan'uwantaka, an cim ma matsaya a kan dukkan batutuwa, wani ƙaramin batu na fasaha kuma an miƙa shi ga kwamitin haɗin gwiwa da za a kafa. Aka sa hannu, aka yi musabaha, aka yi tafi. Mai ɗaukar hoto ya roƙi Barakatu da Adama su ɗan matsa, suna shiga hoton.

Sai wasu maza suka zo da safar hannu da takunkumi a fuska. Suka zubar da ruwan jiƙon a wani rami, suka zura sanduna a kunnuwan Giwa suka ɗaga. Tukunyar da Barakatu ta yi shekaru tana shiga cikinta har kafaɗa tana gogewa da toka da yashi, ita suke ɗauke da ita suna kawar da fuska. Suka wuce shingen Nijeriya, ba su kai na Nijar ba, suka dire ta a tsakiyar filin, gefen hanya. Aka lulluɓe ta da leda, aka naɗe da wani kirtani mai ruwan ɗorawa.

"Nan ba ƙasar kowa ba ce," in ji Zailani. "Kafin kwamiti ya zauna."

"Yaushe?"

"Ba a sa rana ba."

Motoci suka tashi, wasu suka yi Daura, wasu suka yi arewa.

A gida Siddiƙa tana zaune a bakin gado, jaririn yana cinyarta.

"Inna, yau kun manta da ni. Ina Giwa?"

"An riƙe ta a boda."

"Tukunya? Sai ka ce buhun shinkafa?"

Barakatu ta haɗa murhu biyu, ta ɗora ƙananan tukwane, ta yi ta tafasawa tana juyewa a baho. Kafin na ƙarshe ya tafasa na farko ya huce. Ta yi wa Siddiƙa wanka da ruwan da bai kai ba. Da ta zo kan jaririn sai ta daɗe. Ta buɗe tafin hannunsa, ta duba tsakanin yatsu, ta juya shi ta duba bayansa, ta ɗaga fatar idonsa. Ya tsala kuka.

"Inna, me kike nema?"

Ba ta san me take nema ba. Ta naɗe shi a zani ta miƙa mata. Sannan ta zauna ta faɗa mata duk abin da ya faru, yadda ya faru, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Siddiƙa ta saurara har ƙarshe. Ta kalli ɗanta, ta kalli ƙirjinta.

"To in ci gaba da ba shi nono?"

"Ki ba shi."

"Sun ce babu komai?"

"Ba su ce ba."

"Sun ce akwai?"

"Ba su ce ba."

Da gari ya waye labari ya gama unguwa. Mata suka yi ta shigowa, wasu da goyo, wasu sun jawo manyan yara. Babu wadda ta yi faɗa. Kowacce sai ta gaisa, ta yi wa mai jego sannu, ta zauna, sannan ta kawo tata. Wannan ɗanta yana yawan ciwon kai. Wannan ta yi ɓari sau biyu. Wannan lafiyar kowa ƙalau a gidanta, amma tana so ta ji ko daga baya abin yake fitowa. Barakatu ta maimaita musu maganar mutumin Damagaram har ta haddace ta. Rauda ce ta zo ƙarshe. Ba ta tambayi komai ba. Ta zauna a kan turmi har rana ta take, ta tashi ta ce a gai da mai jego.

Bayan kwana biyu Barakatu ta taka zuwa boda. Daga shingen Nijeriya ana hango Giwa, tana nan a lulluɓe. Ta tsaya ta kalla ta dawo. Haka ta riƙa yi, in ta gama wankan safe. Masu tsaron shingen suka saba da ita, har suna ba ta kujera. Ta tambaye su ko an zo daga kwamiti, suka ce su ba a gaya musu komai ba, an dai ce kada su taɓa. Zailani ya ce an tura sunayen 'yan kwamitin na wannan ɓangare, ana jiran na can. Daga baya ya ce na can sun turo, amma ba a daidaita kan garin da za a fara zama ba.

Damina ta sauka. Iska ta yage ledar, ruwa ya taru a ciki. Wata rana ta hango awaki sun ɗora ƙafa a bakin tukunyar suna sha. Ta ɗaga murya ta kore su daga inda take, ba su ko waiwayo ba.

Siddiƙa ta yi arba'in, dangin mijinta suka zo suka tafi da ita Mai'adua. Yaron ya yi ɓul-ɓul, kowa yana yabawa. Barakatu ta amsa da amin.

Wata safiya ta isa shingen ta tarar babu komai a filin, sai da'irar da gindin tukunyar ya bari a ciyawa, da guntun kirtani a maƙale a ƙaya.

"An zo an ɗauka?" ta tambayi mai tsaron shingen. "Kwamitin ne?"

Mai tsaron ya sosa ƙeya. "Wata a-kori-kura ce ta zo jiya da rana, mutum uku. Mun ɗauka na can ne suka aiko."

"Na can fa?"

"Mun tambaye su ɗazu. Su kuma sun ɗauka namu ne."

"Suna da safar hannu?"

"Wace irin safa, Inna? Da hannu suka cicciɓe ta. Ɗaya ma silifa ne a ƙafarsa."

Ta nemi Zailani a waya. Ya ce zai bincika. Da yamma ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce babu ofishin da ya aika kowa. Ya ce ƙarfe mai nauyi irin wannan, 'yan gwangwan ba sa barinsa a gefen hanya. Ya ce ko an narkar da ita, ko an wanke an sayar.

"In babu tukunyar, me za a kankara?"

Ya miƙe ya yi mata sai da safe.

Ranar Lahadi ta hau mota zuwa kasuwar Mai'adua. Ba ta biya gidan Siddiƙa ba. Ta wuce kara, ta wuce 'yan hatsi, ta shiga layin masu tsofaffin ƙarafa da tukwane. Ta bi rumfa-rumfa tana kwatance: baƙa, mai kauri, kunne biyu, walda a gindi. Wani ya ce bai gani ba. Wani ya ce irin wannan ba ta yini a kasuwa, masu abincin sayarwa suna rububinta. Wani ya ce kaya daga nan suna yin Kano, suna yin Zinder, suna yin ƙauyuka, wa zai bi sawu. Ta ce in sun gan ta kada su sayar wa kowa, tana da cuta. Suka tambaye ta wace cuta. Ta rasa yadda za ta ce.

A rumfar ƙarshe akwai manyan tukwanen ƙarfe guda huɗu a jere, duk yankan tanki ne, duk da kunnuwan walda. Babu Giwa a cikinsu. Wata mata mai lulluɓi shuɗi tana tsugune tana ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa, tana kasa kunne. Ta ɗago ta ga Barakatu tsaye.

"Yauwa, Yaya, ke da gani kin san tukunya. 'Yata ce watanta ya tsaya, ina neman ta wanka. Duba mini wannan don Allah. Mai kyau ce?"

Barakatu ta tsuguna. Ta shafa bakin tukunyar, ta leƙa ciki, ta kai yatsa wajen waldar. Ƙarfe ne mai kauri, babu tsaga, babu huda. Zai riƙe zafi.

"Daga ina aka kawo ta?" ta tambayi mai rumfar.

"Daga ina kuwa, Hajiya? Ƙarfe ne. Daga ko'ina."

Matar tana jira.

"Ban sani ba," in ji Barakatu.

Matar ta ɗan dube ta, ta juya wajen mai rumfar, ta ce a kira mata mai baro.